Kilomita Tamanin

Yayana direban tasi ne tun kafin in yi wayo. A tasha Fultanki suke ce masa, kuma ba ƙage suka yi masa ba. Wata ɗabi'a ya ɗauko daga ubangidan da ya koya masa tuƙi, cewa mota ba ta kwana da rabin tanki. Ko ya tashi aiki bayansa na ciwo, sai ya biya gidan mai, ya tsaya a kan mai zubawa har man ya leƙo bakin tanki, sannan ya sa kafaɗa ya jijjiga motar don ta ƙara karɓar ɗan abin da ya samu. In ka yi masa dariya sai ya ce ba wanda ya san lokacin da za a buga masa ƙofa. Mace na iya fara naƙuda, tsoho na iya yanke jiki ya faɗi, kuma direban da aka zo wa da gaggawa ya ce sai ya nemo mai, to a wurinsa gara wannan ya ajiye makulli ya nemi wata sana'a. Unguwarmu kaf an san haka, shi ya sa ƙofarsa aka fi bugawa.

Ni ce autarsu. Tela ce ni, ina da jiki, ina da baki, kuma ban taɓa jin kunyar ko ɗaya daga cikinsu ba. Yaya kuwa siriri ne mai shiru-shiru, irin mutanen da sai ka yi musu tambaya ta biyu kafin su amsa ta farko. Matarsa malamar firamare ce, shekara ashirin da shida tana koyar da lissafi har sunan Malama ya bi ta, shi ma haka yake kiranta. 'Ya'yansu biyu mata, aure ya kai su nesa. Saboda haka gidan daga shi sai ita, sai ni da nake faɗowa kullum ba gayyata, in ci abincinsu in kushe.

Shekara tara ke nan da ya sayar da motar fetur ɗinsa, ya haɗa da abin da ya daɗe yana tarawa, ya sayo mai lantarki. Ranar da ya shigo da ita layinmu ba wanda ya ji zuwansa, sai ganinta muka yi a ƙofar gida fara fat. Na ce masa, "Yaya, wannan mota ce ko firji?" Bai kula ni ba. Ya buɗe ƙofa ya nuna wa Malama allon da ke gaban sitiyari, inda wata lamba ke fitowa ta faɗi kilomita nawa suka rage kafin batir ya ƙare. Ɗari biyu da hamsin ta nuna. Malama ta gyara tabarau ta karanta da ƙarfi, sannan ta ce, "To direba, Allah ya sa alheri."

Alheri kuwa an gan shi. Ba bin layin mai, ba canjin baƙin mai, ba hayaƙi. Fasinjoji na rububinta saboda sanyin esi da rashin ƙara. Shatar filin jirgi tasa ce, shatar garuruwan nesa tasa ce. A cikin motar nan aka sake rufin gidan, a cikinta aka yi wa ƙaramar 'yarsa kayan ɗaki, ni ma a cikinta na sami keken ɗinki mai lantarki, duk da ban fasa ce mata firji ba.

Sai dai tsohuwar ɗabi'ar ya taho da ita. Gidan caji ɗaya ne a garinmu, can bayan kasuwa, da injinsa mai sauri wanda ke ɗura wa batir wuta cikin minti arba'in. Sauran direbobi da sun ga kashi tamanin sai su zare su yi gaba, don daga nan injin rage gudu yake, su kuma fasinja na jiransu. Yaya ba ya zarewa. Zai zauna a benci ya harɗe hannu sai ya ga ɗari cif. Sau biyu a rana yake yin haka, wata rana sau uku. Motar za ta dawo daga doguwar hanya da tsakar rana da zafinta, ya maƙala mata waya nan take. Da yamma ya sake cikawa ya kai ta gida. Ranar hutunsa ma a cike take wuni cikin rana, don ba rumfa a ƙofar gidan. Kullum sai ya wanke ta, ya goge da wani tsumma mai laushi da ni na ɗinka masa baki. A ganinsa ba motar da ake riritawa kamar tasa, mu ma haka muke gani.

Lambar ta fara sauka a hankali, ba wanda ya damu. Ɗari biyu da arba'in, da talatin, da ashirin. In na tsokane shi sai ya ce, "Tsufa ne, Auta. Ke ma ai ba kamar da kike hawa bene ba."

A shekara ta shida ƙafafun Malama suka fara kumbura. Ta ce tsayuwar aji ce. Sai fuska ta bi, sai amai da safe, sai ta kasa gama rubutu a allo ba ta zauna ba. Da aka yi gwaji likita ya ce ƙodojinta biyun sun gaza, sai an riƙa yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako, Talata da Juma'a, awa huɗu a jikin inji. Asibitin garinmu ba shi da injin. Sai babban asibitin birni, kuma daga ƙofar gidansu zuwa ƙofarsa kilomita tamanin ne, Yaya ya auna da kansa. Zuwa da dawowa ɗari da sittin. A lokacin in motar ta cika, ɗari da casa'in da biyar take nunawa.

A bayan asibitin akwai wani dogon gida mai ɗakuna a jere, da ake ba masu jinyar da suka zo daga nesa haya. Ranar farko wata nas ta nuna mana shi, ta ce yawancin masu wankin ƙoda nan suke tarewa. Malama ta leƙa ɗaki ɗaya. Katifa a ƙasa, tsohuwar durowar kaya, taga ɗaya mai kallon katangar asibiti. A tsakar gidan mutane ne a kan tabarmi, kowa da hannu a naɗe, ba mai magana. Da muka koma mota ta juyo wurin Yaya.

"Maigida, abu ɗaya nake roƙo," in ji ta. "A soke ni da allura ko sau nawa ne, a hana ni gishiri, a auna mini ruwan sha da kofi, duk na yarda. Amma in riƙa kwana a ɗakina."

Yaya ya ce, "A ɗakinki za ki kwana."

Ba wani abu ba ne ɗakin, in ka gan shi. Gado, shiryayyen littattafai, taga mai kallon bishiyar gwaba da ta dasa da hannunta. Amma nan ta haifi 'ya'yanta, nan ta yi makin jarrabawar rabin mutanen garin, kuma na san Malama: abin da ta roƙa sau ɗaya, ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Bas ba ta yi mata ba. Awa uku take yi a hanyar saboda tsaye-tsaye, ga cunkoso, ga hannunta na hagu da aka yi wa aiki don allurar wanki, wanda likita ya ce ko matse shi kada a yi. In ta fito daga jikin injin kuwa jiri ke ɗibarta, ba ta iya zama, sai kwanciya. Don haka kujerar baya ta zama tata, da filo da bargo. Ni kuma na rufe shago Talata da Juma'a na riƙa zama a gaba, in riƙe mata jaka, in yi faɗa da masu ba da kati.

Shekarar farko lafiya lau. Akwai gidan caji kusa da asibitin, sai Yaya ya sauke mu ya je ya cika. Wata Talata ya isa ya tarar an tumɓuke tsofaffin injinan an kafa sababbi masu sheƙi, kuma bakin wayarsu bai shiga na motarsa ba. Ma'aikacin wurin ya ce irin nasa an daina yayinsa. Ya zaga birnin, wuri biyar, duk labari ɗaya. Aka ce masa akwai wani mahaɗi da ake ɗaurawa a tsakani. Ya saya da tsada, ya ɗaura, motar ta yi ƙyaf-ƙyaf da jar fitila ta ƙi karɓa. Daga ranar, wutar da ya ɗura a gida ita ce za ta kai mu ta dawo da mu. Lambar kuma ta sauko ɗari da tamanin.

Ni na matsa masa ya kai ta a duba. Muka je garejin wani bakanike da ya ƙware a irin waɗannan motocin, Injiniya ake ce masa, dattijo mai furfura a gemu. Ya soka wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallon wayarsa, sannan ya ɗago.

"Maigida, yaya kake yi mata caji?"

Yaya ya gyara tsayuwa, don an zo inda yake alfahari da shi. Ya zayyana masa komai.

"Kullum ɗari?" in ji Injiniya. "A mai sauri? Da zafinta?"

"Kullum. Ban taɓa bari ta kwana da yunwa ba."

Injiniya ya shafa gemu. "Ai batir ba tanki ba ne. Tanki ko ka cika shi ko ka bar shi rabi, girmansa na nan. Batir kuwa in ya daɗe a cike, ga zafin rana, ga wuta mai ƙarfi, cinyewa yake daga ciki. Kowane batir na tsufa, ba makawa, amma naka an taya shi. Ƙirar nan ma ba ta da abin da ke sanyaya shi. Kuma ka ga, ƙananan batura ne da yawa a jere a ciki. In ɗaya ya raunana, sauran duk inda ya tsaya suke tsayawa. Naka uku sun fara."

Na tambayi kuɗin sabo. Da ya faɗa sai na yi dariya, na zaci wasa yake. Ya fi abin da motar za ta yi a kasuwa. Na hannu kuma ba kasafai ake samu ba, in an samu ma gajiyayye ne irin nasa.

Yaya ya ɗora tafin hannu a kan motar ya ce a hankali, "Wato ni na yi mata."

Raina ya ɓaci ranar fiye da yadda zan iya faɗa. Na ji haushin waɗanda suka sayar masa ba su ce masa uffan ba. Na ji haushin littafin motar da ke kwance cikin ledarsa a aljihun gaba, ba wanda ya taɓa buɗewa. Na ji haushin ubangidansa da ya daɗe da rasuwa. Shi ma na ji haushinsa, amma da na kalli fuskarsa sai na haɗiye. Mutum ya shekara bakwai yana kyautata wa abu iya saninsa, a ce masa kyautatawar ce ta kashe shi.

Shawarar Injiniya mai sauƙi ce a baki. A daina injin sauri, a riƙa caji a soket ɗin gida a hankali, a tsaya a tamanin, kada kuma a bari ya ƙare ƙaf. To soket ɗin gida tun yamma har safe yake ɗauka, ciko ɗaya ke nan a rana, wato aiki ya ragu da rabi, alhali kowane wanki da kuɗinsa, kowane magani da nasa. In ya koma injin sauri don ya samu, batir na ƙara mutuwa. In ya ƙi, ba abin biyan asibiti. Talata da Juma'a kuwa dole ya cika ɗari, dole ya dawo da ita ta kusa ƙarewa, wato daidai abu biyun da aka hana shi. Duk inda ya juya, hanyar asibitin ce ke cin motar da ke kai shi asibitin.

Ya nemi sayar da ita ya koma ta fetur. Masu saye suka zo da irin na'urar Injiniya, suka soka, suka taya kuɗin da bai wuce na tayoyi da kujeru ba.

Sai ya shiga dabaru. Ya kashe esi, ya sauke gilasai kaɗan. Ya daina wuce sittin a awa, manyan motoci na danna masa hon suna zaginsa, shi ko a jikinsa. Ya ƙara wa tayoyi iska har motar na tsalle a kan ƙaramin rami. Ya cire safayar taya, ya cire jak, ya cire shimfiɗun ƙasa. A gangara ya ɗauke ƙafa daga totur, idonsa rabi a titi rabi a allo. Mutumin da a da yake tuƙi yana sauraron rediyo, yanzu leɓɓansa ne ke motsi, yana cire kilomitan da aka ci daga waɗanda suka rage.

Wata Laraba ina cin abinci a gidansu ya yi gyaran murya.

"Auta, daga Juma'a ki huta."

"In huta da me?"

Ya kalli kwano. "Nauyi na cin wuta."

Na ajiye cokali. "Yaya, ni ce nauyin? An cire taya, an cire jak, yau layi ya zo kaina? To ka cire kujerar da nake zama ma, ka cire ƙofa, ka cire kanka ka bar motar ta je ita kaɗai!"

Malama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, rabon da in ji dariyarta an yi watanni. Ta ce, "Auta, in kin rage cin abincin mutane da kin tsira." Na tashi na fita ban gama ci ba. Washegari na je har gareji na tambayi Injiniya nawa nake ci. Ya dube ni sama da ƙasa, yana danne dariya, ya ce bai fi kilomita biyu ko uku ba. Na taho ina sababi a hanya, a kan kilomita uku aka sauke ni. Ranar Juma'ar suka dawo gida allon na nuna huɗu. Ban sake ta da maganar ba. Na koma shiga bas da sassafe in tare su a asibiti, in sake shiga bas in biyo bayansu.

Da lambar ta kasa kai ɗari da sittin, Yaya ya sami wani mai walda a layin bayan asibiti ya roƙe shi soket. Mutumin kirki ne, ya yarda. Amma soket ɗin bango abin da yake bayarwa bai wuce kilomita goma a awa ba, kuma da mai walda ya kunna injinsa dole a zare motar, in ba haka ba wutar shagon ta yanke. Awa huɗun wanki wani lokaci ashirin kawai suke ƙarawa. Sai ya zama Malama ta fito da ƙyar, mu kwantar da ita a kujerar baya a ƙofar shagon walda, ƙofofi a buɗe, ana yankan ƙarfe a kanta, ina yi mata fifita da kwali, muna jiran lamba ta hau. Awa ɗaya, awa biyu. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Idonta a rufe za ta ce, "Nawa yanzu?" ya faɗa mata, ta ce, "Saura goma sha biyu ke nan."

Wata Juma'a aka ɗauke wuta a layin tun hantsi. Allon na nuna tamanin da takwas, hanya tamanin. Yaya ya ce za ta kai. Suka tafi, ni na tsaya jiran bas ta cika.

Akwai wani dogon hawa kafin a shiga garinmu. A nan, in ji shi daga baya, lambar ta faɗo daga ashirin da biyar zuwa shida a lokaci ɗaya, kamar an zare mata wani abu. Motar ta rage gudu da kanta, ta ja jiki, ta tsaya saura kilomita bakwai. Ƙarfe uku na rana, ba bishiya, ba gida. Ni ina bas a gefen taga na hango farar mota a bakin titi, da wani siririn mutum ba riga ya baza rigarsa a kan gilashin baya yana tare rana. Na yi ihun da direban bas ya taka birki ba shiri.

Malama ta jiƙe da gumi, leɓɓanta sun bushe, tana magana ba a ji. Ruwan da aka yarda ta sha na ranar ta riga ta shanye. Wani mai a-kori-kura da ya ɗauko buhunan siminti ya tsaya, muka sa ta a gaba, na rungume ta ina kare hannun. Yaya ya tsaya da motar yana jiran mai ja. Da muka tashi na waiwaya na gan shi tsaye da riga a hannu, bai ko mayar da ita jikinsa ba.

Kwana biyu ba ta tashi ba. A na uku ta kira mu. Malamar lissafi ce, ta riga mu gama lissafin tun tuni.

"Maigida, a kama ɗakin nan," ta ce.

"Malama, zan nemi..."

"Na sani. Ka nema, ka kuma yi. A kama, amma na kwana biyar a mako. Asabar ka zo ka ɗauke ni, Litinin ka mayar da ni. Zuwa ɗaya ai tana iyawa."

Haka aka yi. Na ɗauki ƙaramin kekena na hannu na tare da ita, ina karɓar ɗinkin ma'aikatan asibiti. Yaya kan zo ranar Juma'a da yamma, in mai walda ya tashi ya maƙala motar har safe, Asabar su kama hanya. Litinin ya dawo da ita, ya sake maƙalawa, Talata ya koma gida. Bai iya tarewa a birnin ba, don a can motar ba ta da inda za ta sha wutar aiki. Injin da ya san bakinta guda ɗaya ne, yana bayan kasuwar garinmu, injin da ya san jinin Malama kuma yana birni. Aikinsa ya koma daga kasuwa zuwa makaranta, daga makaranta zuwa tasha. In aka ce filin jirgi sai ya nuna wa fasinja motar wani.

A ɗakin hayar Malama ta ƙi sa ko ɗankwali a durowa. Kayanta na cikin jaka, jakar na bakin ƙofa. In na wanke mata riga na ninke, cikin jakar take mayarwa. Maƙwabta in sun tambaye ta sai ta ce, "Mu ba zama muka zo yi ba." Daga Talata take fara ƙirga kwanaki. In ta dawo ranar Litinin kuwa har ƙiba nake ganin ta yi, ta zo da labarin gwaba ta yi 'ya'ya, da wace tsohuwar ɗalibarta ta zo gaishe ta da jariri.

Wata bakwai muka yi a haka, lambar na ta sauka. Ɗari da goma, ɗari, casa'in da biyar. Injiniya ya samo ƙananan batura biyu na hannu ya canza, ta hau da goma, bayan mako shida ta koma inda take. Abokan Yaya na tasha sun kai Malama gida sau uku ba su karɓi ko sisi ba, Allah ya saka musu. Amma kowa da iyalinsa, kuma wuni guda suke rasawa. Shata kuwa, zuwa da dawowa sau biyu, daidai take da kuɗin wanki ɗaya, kuma wanki ba a tsallake shi.

Juma'ar da ta wuce bai zo ba. Ya bugo waya ya ce sai da safe, bai ƙara komai ba. Asabar tun da hantsi Malama ta yi wanka, ta sa atamfarta mai ruwan ganye, ta ɗaura ɗankwali, ta sa na fito mata da kujera bakin ƙofa. Motar ba ta da ƙara, saboda haka ba a sauraronta, sai dai a zuba wa ƙofar gida ido. Ta ɗora jakar a cinya ta zuba ido.

Wajen sha ɗaya ya shigo da ƙafa. Takalmansa sun yi ƙura, rigarsa ta yamutse ta baya irin ta wanda ya zauna a matse a bas, hannunsa riƙe da leda da tuffa biyu a ciki. Shekara talatin da wani abu ban taɓa ganin Yaya ya sauko daga motar wani ba. Na rasa inda zan sa idona.

Malama ta dube shi, ta dubi ƙofar gidan a bayansa, ta sake dubansa.

"Sannu da hanya, Maigida."

"Yauwa. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Nawa ta nuna?"

Ya zauna a bakin tabarma ya ajiye ledar. "Saba'in da huɗu. Jiya na taho, na kai wajen gada ta fara faɗuwa, na juya." Sai ya ci gaba da sauri, abin da ba halinsa ba. "Injiniya ya ce akwai wata mota irinta da ta yi hatsari, ana jiran a ga batirinta. Kuma zan yi wa mutanen tasha magana, ko mako mai zuwa, ko na sama..."

"Ka ci abinci?" in ji ta.

Ya girgiza kai.

"Auta, zuba masa." Na tashi. Kafin in kai ga tukunya ta sake kirana, ta miƙo mini jakar da hannunta mai lafiya. "In kin gama, ki zazzage wannan ki jera a durowa. Ki goge ta tukuna, akwai ƙura."

Na karɓa. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, na shiga ɗaki na juya musu baya ina goge durowa, hawaye na zuba, ina jin haushin kaina da ban iya yin kukan a shiru. Ta cikin ƙofa nake jin su. Ya daɗe bai taɓa abincin ba.

"In za ka zo mako mai zuwa," ta ce masa, "ka ciro mini labulen ɗakina. Tagar nan ba abin da take nuna wa mutum sai katanga."

Ya ce, "Wanne? Shuɗin ko mai furanni?"

"Duka biyun. Ka haɗo da guduma da ƙusa."